Yadda Mutum-Mutumin 'Yan Makaranta Ya Koyi Gane Raga Da Kansa

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, malamin lissafi a wata makarantar sakandare a Zariya, ya rubuto mana cewa ɗalibansa sun nuna masa wani hoton bidiyo a waya, na gasar 'yan makaranta a Amurka, inda wani mutum-mutumi ke juyawa da kansa yana jefa ƙwallo cikin kwando ba ya kuskure, alhali babu wanda ke riƙe da abin sarrafa shi. Ya ce yaran sun tsare shi da tambayar yadda abin yake gani, shi kuwa ya rasa ta cewa. Saboda haka yana so a ba shi tarihin wannan fasaha, a kuma faɗa masa ko abu ne da yaransa za su iya.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Kada ka ji kunya don yara sun ƙure ka, domin tambayar da suka yi maka ta sha ƙure manyan masana shekara da shekaru. Gasar da suka gani, bisa ga yadda ka kwatanta ta, ita ce ta ƙungiyar FIRST. Amma bari mu ɗan koma baya tukuna, don ka san inda aka fito.

A shekarar 1966, a babbar makarantar fasaha ta MIT da ke Amurka, wani malami mai suna Seymour Papert ya tsara wa ɗalibai aikin da za su yi a hutun bazara. Aikin shi ne su haɗa kyamara da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, su sa ta rarrabe abubuwan da ke gabanta, ta san wannan abu ne, wancan kuma bango ne. An ɗauka cikin 'yan watanni za a ci ƙarfin aikin. Ina! Hutu ya ƙare, aiki bai ko kama hanya ba. Shekara 13 bayan haka, a 1979, wani ɗalibin Jami'ar Stanford mai suna Hans Moravec ya sa wani keke mai kyamara ya ƙetare ɗaki cike da kujeru ba tare da hannun kowa ba. Keken kan matsa kamar mita ɗaya, sai ya tsaya na minti 10 zuwa 15 kwamfuta na nazarin hotuna, sannan ya sake matsawa. Sai da ya ci kimanin awa 5 kafin ya kai ɗaya gefen, kuma a lokacin babbar nasara ce. Ka ga ke nan abin da jinjiri ke yi ba tare da ya san yana yi ba, shi ne ya fi ba na'ura wuya.

Dalili kuwa shi ne, kyamara ba ta gani yadda kai kake gani. Abin da take miƙa wa kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne a jere, layi bayan layi, kowane ɗigo kuma lambobi uku ne kawai: yawan ja, yawan kore, da yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Babu kwando a ciki, babu ƙwallo, lambobi ne zalla. Duk tarihin da za mu ba ka yanzu, tarihi ne na dabarun da aka bi don a sauƙaƙa wa na'ura tsamo abin da ake nema daga cikin wannan tsibin lambobi.

Ita ƙungiyar FIRST, wani mai ƙirƙire-ƙirƙire ne, Dean Kamen, ya kafa ta a 1989, don ya jawo hankalin yara ga kimiyya kamar yadda wasanni ke jawo shi. Ya haɗa kai da Shehun Malami Woodie Flowers na MIT, wanda dama ya saba sa ɗalibansa gasar ƙera injuna daga kaya iri ɗaya. Flowers ya rasu a 2019. An yi gasar farko a 1992, a zauren wasanni na wata makarantar sakandare a garin Mancesta, amma fa ba ta Ingila mai ƙwallon ƙafa ba, ta jihar New Hampshire ce. Ƙungiyoyi 28 suka shiga. Tsarin shi ne, kowane watan Janairu a bayyana sabon wasa, yara su ƙera injin da zai buga shi. Shekaru da yawa mako 6 kacal ake ba su, kafin a janye wannan ƙa'ida a 2020. Kuma Malam, kada kalmar mutum-mutumi ta sa ka zaci abu mai kai da ƙafafu. Ya fi kama da ƙaramin amalanke na ƙarfe mai tayoyi da hannuwa, nauyinsa ya haura kilo 50, yana gudu a fili mai tsawon kamar mita 16 da faɗin mita 8.

Shekaru 11 na farko, yara ne ke tuƙa injin daga bayan gilashi tun daga farkon wasa har ƙarshe, saboda haka babu wanda ya damu da ba shi ido. A 2003 ne aka kawo canjin da ya haifar da tambayarka: aka ce sakan 15 na farkon kowane wasa, kowa ya ɗauke hannunsa, injin ya yi ta kansa. Da yawa sai suka rubuta masa umarni irin na makaho, wato yi gaba na sakan kaza, juya dama, saki. In wani ya bangaje shi a hanya, shi ke nan, sai ya je ya zuba kayansa a inda babu kowa. A 2004 aka gwada sa fitilu masu haske irin na rimot ɗin talabijin, wanda idon mutum ba ya gani, don injin ya bi.

Kyamara ta shigo ne a 2005. A shekarun farko na 2000, wasu masana a Jami'ar Carnegie Mellon, su Anthony Rowe da Chuck Rosenberg da Illah Nourbakhsh, sun ƙera wata 'yar kyamara mai arha da suka kira CMUcam. Hikimarta ita ce ba ta wahalar da kanta da fahimtar hoto. Kai za ka gaya mata launin da kake so, ita kuma ta duba ɗigo ɗaya bayan ɗaya, ta ware waɗanda suka dace, ta faɗi inda tsakiyar tarinsu yake, ko hagu ko dama, ko sama ko ƙasa. Samfurinta na biyu aka raba wa ƙungiyoyi a wannan shekara, aka kuma sa koren fenti a jikin wasu daga cikin kayan da injin zai nemo ya ɗauka. Ƙalilan ne suka iya. Abin da ya kayar da yawancinsu kuwa ba lissafi ba ne, haske ne. Ka san yadda za ka sayi shadda a cikin rumfa kana ganinta shuɗiya, ka fito rana ka ga ta koma wani abu dabam? To haka koren da yara suka saita a ajinsu yake canzawa a ƙarƙashin manyan fitilun zauren gasa. Ƙwaƙwalwar mutum kan gyara wannan bambanci ba tare da ya sani ba. Kyamara kuwa ba ta san gyara ba, in lamba ta canza, a wurinta abin ya ɓace.

Masu shirya gasa suka ɗauki darasi. A 2006, a wasan da suka kira Aim High, maimakon fenti sai suka kafa koriyar fitila a saman babbar raga. Fitila ita ke ba da haskenta, ba ta jiran na zaure. Yara suka gano cewa in suka rage yawan hasken da ke shiga kyamara ƙwarai, komai zai yi baƙi ƙirin, fitilar nan kaɗai za ta rage kamar tauraro. Ƙwallon da ya shiga babbar raga maki 3 ne, na ƙananan ragogin kusurwa maki 1, kuma ɓangaren da ya fi maki a lokacin da babu tuƙi ana ƙara masa 10. Nan fa aka fara ganin injuna masu bakin harbi da ke bin raga da kansu duk inda jikin ya juya. A ganinmu, daga wannan shekara ce ya kamata a fara ƙirga tarihin abin da ɗalibanka suka gani.

A 2009 aka sauya kwamfutar injin da wata mai ƙarfi ta kamfanin National Instruments, aka kawo kyamara irin ta tsaron gidaje. Wasan shekarar, Lunacy, an yi shi ne don tunawa da cika shekara 40 da saukar mutum a duniyar wata, a kan daɓe mai santsi. Kowane inji yana jan kwando a bayansa, abokin hamayya kuma shi ne zai zuba ƙwallo a ciki. Wato raga ce mai gudu. An sa alama mai ruwan hoda da kore a kan sanda, wanda ke sama a cikin launukan biyu shi ke nuna ko kwandon naku ne ko na abokan gaba. Abin ya yi wuya, kuma matsalar launi ta sake dawowa.

Sai aka koma ga wata tsohuwar dabara wadda kai ma ka san ta. In ka haska kyanwa da tocila da dare, idanunta kan mayar maka da hasken. Haka allunan kan titi da rigunan masu aikin hanya suke yi wa fitilar mota. Wani Bature ɗan Ingila, Percy Shaw, ya yi rajistar irin wannan idon kyanwa na tsakiyar titi tun a 1934. Sirrin shi ne, madubi na yau da kullum yana karkatar da haske zuwa wani gefe, bango kuma yana watsa shi ko'ina, amma wannan abu yana mayar da shi daidai inda ya fito. A 2011 an liƙa salatif mai irin wannan hali a filin gasa, kuma ya yi suna a 2012, a wasan Rebound Rumble, inda aka zagaye allunan kwanduna huɗu da shi. Yaro zai ɗaura zoben ƙananan fitilu a kewayen idon kyamara. Haske ya tafi, ya bugi salatif, ya dawo cikin kyamarar. Mai kallo daga gefe ba ya ganin wani abin kirki, amma a wurin kyamara abin na walƙiya. Kore aka fi amfani da shi, don ja da shuɗi su ne launukan ɓangarorin biyu, sun cika filin, sannan idon kyamara ya fi jin kore. Wannan dabara ta yi mulki fiye da shekara 10.

Tun da kai malamin lissafi ne, ga inda abin zai yi maka daɗi. Da kwamfuta ta ware siffar salatif ɗin, sai ta duba tsakiyarsa. In yana dama da tsakiyar hoto da digiri 10, sai a umarci tayoyi su juya dama. Amma in aka ce su juya da ƙarfi ɗaya har sai an daidaita, injin zai wuce, ya dawo, ya sake wucewa, yana ta kaɗa kai kamar ƙadangare. Maganin shi ne a sa ƙarfin juyi ya bi girman kuskure: in da nisa a juya da sauri, in an kusa a sassauta, kamar direban da ke shiga gareji. Nisa kuma da alwatika ake samo shi. A ce kyamara tana rabin mita daga ƙasa, raga tana mita biyu da rabi, bambanci mita 2 ke nan. In kyamara na hangen ragar a kusurwar digiri 45, to nisan mita 2 ne. In kusurwar ta sauko zuwa wajen digiri 27, nisan ya kusa mita 4. Tanjan ɗin nan ne dai da kake koyarwa yara suna hamma. Daga nisan ne kuma ake sanin ƙarfin da za a harba ƙwallo da shi.

Akwai wani tarko da ya kama ƙungiyoyi da yawa, wato jinkiri. Kafin a ɗauki hoto, a tura shi, a tace shi, a fitar da amsa, lokaci ya ɗan wuce. In injin na gudun mita 4 a sakan, jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan yana nufin ya riga ya matsa santimita 40. Ke nan yana auna inda raga take a da, ba inda take yanzu ba. Masu wayo sai suka riƙa sa wa kowane hoto lokacin da aka ɗauke shi, su haɗa da bayanin wata 'yar na'ura mai auna juyi, su lissafa inda injin ya fuskanta a daidai wannan lokaci, sannan su gyara. Maharbin da ya iya harbin tsuntsu a sama ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba.

Duk wannan aiki ne mai yawa, kuma a nan ne rashin daidaito ya fito fili. Makarantar da ke da injiniyoyi masu taimaka mata kyauta da kamfanin da ke ba ta kuɗi takan ɗora ƙarin kwamfuta a kan injin, ta rubuta manhaja da taimakon OpenCV, wata taskar umarnin sarrafa hoto da kamfanin Intel ya saki kyauta a 2000. Makarantar da malami ɗaya ne ke fama da yara 10 kuwa, sau da yawa kyamararta a kwali take ƙare shekara. A 2017 aka fito da wata kyamara mai suna Limelight, wadda ta haɗa ido da fitilu da kwamfuta a ƙaramin akwati ɗaya, tana tace hotuna 90 a sakan, ta ba ka kusurwa kai tsaye. Kuɗinta a lokacin wajen dala 400 ne. Aka yi ta muhawara. Wasu suka ce an sayar wa yara amsar jarrabawa, me za su koya? Wasu suka ce ai dama masu hali ne kaɗai ke da ido, yanzu kowa ya samu. Mu dai mun fi karkata ga na biyun, don yaron da injinsa ya taɓa bin raga sau ɗaya shi ne zai so ya buɗe akwatin ya ga abin da ke ciki. Amma dala 400 ba wasa ba ce. Shi ya sa a 2020 wasu ɗalibai da masu taimaka musu suka fito da PhotonVision, manhaja ta kyauta da ke yin irin wannan aiki a kan 'yar kwamfutar nan mai arha, Raspberry Pi.

Salatif mai ƙyalli ma yana da nasa aibi. Hasken rana ta taga, ko allon talla, ko wani ƙarfe mai sheƙi, duk suna iya yaudarar kyamara. Ga koren hasken nan mai kashe ido da alƙalan wasa da 'yan kallo suka daɗe suna kuka da shi. Babban aibin kuma shi ne, salatif ba shi da suna. Yana ce maka ga ni nan, amma ba ya ce maka ko shi wane ne.

Maganin ya fito ne daga Jami'ar Mishigan, inda Shehun Malami Edwin Olson ya wallafa wani tsari a 2011 mai suna AprilTag. Sunan ba na watan Afrilu ba ne, na ɗakin bincikensa ne. Alama ce murabba'i mai ƙananan gidaje baƙi da fari, kamar ɗan allon dara, kuma tsarin gidajen lamba ce. Ba ta bukatar fitila, ba ruwanta da launi. Kyamara na neman kusurwoyinta huɗu. Da yake an san ainihin girmanta, ƙanƙantarta a hoto na nuna nisa, karkacewarta kuma na nuna ta wane gefe ake kallonta. In kuma kana da taswirar inda aka liƙa kowace lamba a fili, to alama ɗaya ta isa ta gaya wa injin inda shi kansa yake tsaye. Ka lura da yadda tambayar ta juya. Da ana tambayar ina raga take, yanzu ana tambayar ina nake. Wanda ya san inda yake, yana iya auna raga ko da ya ba ta baya.

FIRST ta sa waɗannan alamu a babbar gasarta a 2023, guda 8. Irin da aka fara da shi mai gidaje 16 ne, lambobi 30 kawai yake da su, kuma kyamara kan ga wani abu can a cikin 'yan kallo ta zaci alama ce. A 2024 aka koma mai gidaje 36, mai lambobi 587, inda kowace lamba ta bambanta da 'yar'uwarta a gidaje 11 ko fiye, don haka da wuya a yi kuskure. Aka ƙara yawansu zuwa 16, aka kuma sallami salatif. A 2025 suka kai 22. Sabuwar matsalar ita ce dishi-dishin hoto in injin na gudu, abin da ya sa ƙungiyoyi suka koma ga kyamarori masu ɗauke hoto gaba ɗaya a ƙiftawa guda. Su kuwa kayan wasa da ke warwatse a ƙasa, waɗanda ba a iya liƙa musu alama, an fara koya wa na'ura gane su ta hanyar nuna mata dubban hotunansu. Wato an dawo kan aikin da Papert ya ba ɗalibansa a 1966, bayan kusan shekara 60.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Babbar gasar tana da tsada ƙwarai, ba za mu ɓoye maka ba, kuɗin shiga kaɗai dubban daloli ne. Amma a 2017 an fara wata mai suna FIRST Global a birnin Washinton, inda kowace ƙasa ke tura ƙungiya ɗaya, kuma ƙasashe sama da 150 suka halarta, har da na Afirka da dama. A shekarar ne aka hana yaran Gambiya da 'yan matan Afganistan bizar shiga Amurka, sai da duniya ta yi ca sannan aka ba su. Shi kuwa ilimin, ba ya jiran biza. Alamun AprilTag kyauta ne, ana samun su a intanet, kowane shagon buga takardu zai fitar maka da su. Manhajar karanta su ma kyauta ce, kuma kyamarar kwamfuta ko ta waya ta isa a fara. A ƙaramar gasar FIRST ma, daga 2015 wayar Android ce aka yi shekaru ana ɗaurawa a kan injin a matsayin ƙwaƙwalwarsa.

In za ku gwada, ku buga alamar a takarda marar sheƙi, ku liƙa ta a kan katako mai tauri, don in ta lanƙwashe lissafi ya lalace. Ku bar farin gefe a kewayenta. Ku auna faɗin baƙin murabba'in da rula sosai, kuskuren santimita ɗaya a nan kan zama babba a nesa. Lokacin hunturu ku riƙa goge ƙura daga idon kyamara. Tun kafin a samu taya ko batir, ka sa yaro ɗaya ya riƙe alamar yana ja da baya, wani yana karanta nisan da kwamfuta ta bayar, na uku yana aunawa da igiyar awo, su ga a mita nawa ne amsoshin biyu suka fara saɓawa.